Buhu Uku Daga Rido

"Scholastica Tagwai!"

Da jin an kira sunanta, ta miƙe daga bencin da ta yi wata biyar tana ɗumamawa. Tun Maris take zarya daga Makera zuwa ofishin gwajin tuƙi: yau a ce babu netwok, gobe jami'i ya tafi jana'iza, jibi an ɗage kowa don layi ya yi tsawo. Wata makarantar firamare a Romi ta yi mata alkawarin aikin tuƙa bas ɗin yara, amma hedimasta ya ce in takardar cin gwaji ba ta iso teburinsa yau Juma'a kafin ƙarfe huɗu ba, wani zai ba aikin.

Jami'in gwajin, Oga George, ya faɗa kujerar gaba ta motar da ta aro wurin mijin yayarta. Kafin ta tayar da inji ya tuɓe takalma ya miƙe ƙafafu. Safar nan, Allah kaɗai ya san rabonta da ruwa.

"Mu je, Madam. Kama hanyar Rido."

"Oga, ba a filin baya ake yi ba?"

"Ni ne mai gwajin ko ke? Titi ne gwaji na gaskiya."

Ta ja mota. Ta ratsa cunkoson keke napep, ta kauce wa ramuka, ta bi bayan tankokin mai a natse, ba kwanar da ta sha ba tare da sigina ba. Duk a banza. Tuni Oga George ya yi barci, baki buɗe, fayil ɗinta a cinyarsa, miyau na ɗiga daidai kan hotonta.

Sai da suka shiga Rido ya farka, ya nuna mata wata hanyar ƙasa da ta ƙare a gonar kaji. Nan ma'aikata suka cusa buhu uku na kashin kaji a but ɗin motar, jiƙaƙƙu, suna tsiyaya.

"Takin masarata ne," in ji shi, ko kunya babu.

Wari ya cika motar, ƙudaje suka biyo baya. Ta dubi agogo, biyu da rabi.

"Oga, takardar fa?"

Ya yi hamma. "Ai ban ga tuƙinki ba, barci ya ɗan sace ni. Ni mutum ne mai tsoron Allah, ba na sa hannu a abin da ban gani ba. Ki sake karɓar rana. Ina jin layin ya kai Nuwamba."

Scholastica ta kashe mota, ta zare makulli, ta ajiye masa a cinya. Ta fita ta zauna ƙarƙashin wani mangwaro.

"Tunda ban ci ba, ba ni da izinin tuƙi. Kai ka mayar da mu."

Ya yi barazana, ta gyara zama. Ya koma lallashi, har da kiranta ƙanwarsa, ta kalli gefe. Rana na gasa buhunan, kuma ko ɗan acaɓa ɗaya ba ya bin hanyar. A ƙarshe ya fito daga motar, safa kawai a ƙafarsa, ya matso kusa, ya rage murya.

"Madam, abeg, ki taimaka. Ni ban iya ba."

"Mota mai giyar hannu ce ba ka iya ba?"

"Kowace iri. Daga sashen fayil aka turo ni bara, da layi ya yi yawa."

Tsoro ya haɗu mata da ƙyama, don duk waɗanda ya sa wa hannu suna nan a titin da za ta bi da 'ya'yan mutane.

Ya zaro biro, ya ɗora takardar a kan bonet, ya cike kowane gurbi da maki mai kyau, har ribas ɗin da ba ta yi ba. Ta karɓa da yatsu biyu. Aikin ya samu, amma ko ɗigon murna ba ta ji ba.

Da suka koma mota ta tambaye shi, "Mutum nawa ke jiranka yau?"

"Sha huɗu," ya ce, yana gyara kujera don ya kwanta.