Matakalar Norris da Rumfar Gabas

"Ɗaga ta wajenka, Clem! Ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Maƙwabcina Norris Birtwistle ne ya faɗi haka daga kan kujerar da muka ɗaure shi a kanta da zanin gado. Ina ƙasa, 'yarsa Glenys tana sama, kujerar kuwa ta maƙale a kwanar matakala, ba gaba ba baya. Haka aka gina gidajen layinmu tun zamanin masaƙu, a matse, kamar ba a yi tunanin mutum zai tsufa a cikinsu ba.

Abin da ya roƙa bai fi ƙarfin maƙwabci ba. So yake a kai shi ƙarshen layi ya ga tsohon filin ƙwallo na Tenter Fold da rumfar 'yan kallonsa ta gabas kafin katafila ta gama da su. A can ƙungiyar garinmu ta buga tun kakanninmu, har ta koma sabon fili a bayan gari. Norris ya rantse ba zai taka sabon ba, bai kuwa taka ba. Ni duk Asabar ina sabon filin, kuma ya sani.

"Baba, numfashinka ya canza. Mu koma," in ji Glenys.

"Bar ni da numfashina. Clem ne ya yi laushi. Kujerun sabon fili sun lalata masa baya."

"Can aƙalla ruwa ba ya zubo mana a ka," na ce.

"Ruwan nan shi ya raine ka, mara kunya."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na sake cicciɓawa, ƙafar kujerar ta kankare bango. Na san idan na saki zai faɗo kaina, idan na matsa zan karya shi. Ni ma sai na ce a koma.

Da muka kwantar da shi sai ya juya fuskarsa bango.

"Rumfar gabas tana nan?"

"Tana nan. Gobe mu sake gwadawa da ƙarin hannu."

"Gobe," ya ce, bai ƙara ba.

Ya cika da safe, Glenys tana haɗa masa shayi. Masu ɗaukar gawa suka dubi matakalar, suka dubi juna, sannan suka aika a kira kafinta ya cire tagar bene. Ta nan aka zuro shi a cikin akwatin gawa da igiyoyi, mutanen layi sun fito ƙofa sun cire huluna.

Igiya ɗaya ta sarƙe, sai akwatin ya tsaya a tsakanin sama da ƙasa yana juyawa a hankali. Daga inda yake rataye babu abin da ya tare ƙarshen layi. Rabin rufin rumfar yana tsaye, tattabaru jere a kansa.