Goron Neman Gafara

Inno Rahmatu tana cikin auna wa wata mata gero a kasuwar Gwandu aka miƙo mata goro biyu a ganye. Wanda ya kawo ya ce daga tsohon mai unguwarsu ne, Jibrin, wanda ya koma Kalgo wurin ɗansa tun da ya ajiye rawani. Zai tafi hajji bana, shi ne ya aiko wa mutanen ƙauyen da goro, yana roƙon duk wanda ya taɓa ɓata wa ya yafe masa. Sauran mata suka ɓantara suka kai baki, suka ce sun yafe duniya da lahira, tun kafin su tuna ko ya taɓa yi musu wani abu. Inno kuwa ta ƙulle nata a bakin zane, ta bar wa maƙwabciyarta Zulai ragowar geron, ta tambayi inda motar Kalgo take tsayawa.

Zulai ta biyo ta tana ba ta baki, wai abin da ya wuce shekara goma da ɗoriya ai sai a bar wa Allah. Inno ta ce ita ma Allah ta bar wa, amma tana da tambaya ɗaya, kuma mai amsa ta zai hau hanyar da ba kowa ke dawowa ba.

Lokacin yaƙin Bama ne aka ce kowane ƙauye ya ba da mutum guda. A nasu ƙauyen, can bayan Kambaza, samari sun fi a ƙirga, amma ɗanta tilo, wanda ubansa ya rasu, aka je aka ɗauko daga gona da fartanya a kafaɗa. Aka gama yaƙi, wasu suka dawo da manyan takalma da Turancin bariki, shi bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mata ga dalili. Wannan rashin dalilin shi ya fi ci mata rai.

Motar katako ce, ta jijjiga ta har ƙashinta ya yi tsami, ba ta sauka Kalgo ba sai bayan azahar. Gidan bai yi wuyar samu ba. Ƙofar cike take da masu sallama, an shimfiɗa tabarmi, Jibrin yana tsakiya cikin farar riga, ya rame, gemu ya yi fari fat. Kowa ya durƙusa sai ya ce a yafe masa, a ce an yafe, a shafa fatiha, na baya ya matso. Abin yana tafiya sumul har layi ya zo kan Inno.

Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali. Sannan ta kwance bakin zane ta ajiye goron a gabansa, ko ɓantara ba a yi ba.

Jibrin ya gane ta sarai. Ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba. Ya ce shi aike aka yi masa daga sama, na sama ma Turawa ne suka matsa musu, Turawan nan kuma nasu manyan suna can bayan teku. Ya rantse har yau bai san inda Bama take ba, bai san abin da ya haɗa su faɗa ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, don maganar gaskiya ce, kuma mai daɗin ji ce, tunda ba ta bar laifi a wuyan kowa ba.

Inno ta bari ya gama. Ɗan nata ɗan fari ne, a al'ada bakinta bai taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa. Yau ta kama.

"Ranka shi daɗe, ni ban ga na bayan teku ba. Kai nig gani. Cikin samarin garinmu duka, don mi kab ba da Lukuman?"

Ɗan Jibrin ya taso zai janye ta, uban ya ɗaga masa hannu. Mutumin da zai tsaya a Arfa ba ya son ya tafi da ƙarya sabuwa fil a bakinsa, kuma Inno ta san haka, shi ya sa ta zo yau.

"Don ba shi da uba," in ji shi a hankali. "Kowane yaro nit tuna, sai in ga ubanai tsaye ƙohwata. Shi ɗai na, na san ba mai zuwa."

Ta ji maganar har cikin hanta. Abin da ta daɗe tana zargi ke nan, amma zargi daban, ji daban. Ba ta yi kuka ba.

"To, ga shi na zo," ta ce. "Haƙƙina na yahe maka, tunda ka hwaɗi. Nashi ba hannuna shike ba, sai kun gamu."

Limamin da ke zaune a wurin ya yi sauri ya ɗaga hannu zai shafa fatiha a rufe zancen, amma Inno ba ta tashi ba. Ta tambayi Jibrin wane ne ya kawo masa aiken nan na sama, da ƙafarsa, da bakinsa. Ya ce wani manzo ne mai suna Isa, yana nan da rai a Gwandu, ya tsufa, ido ya tafi. Ta tambayi unguwar, ya faɗa.

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. A tasha aka ce mata motar Gwandu ta riga ta tashi, sai ta gobe. Ta nemi gindin bishiya kusa da inda ake lodi, ta zauna.