Hannun Daman Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, gidanmu ya koma gasar ladabi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, Yaya ya riga shi. Ya sunkuya kan takalmi, ni na riga na durƙusa. Mama kuwa ba a magana, ita ke ba shi abinci a baki, har da hura masa cokali. Baba ya yi fes, ya yi kumatu, hannun damansa kuma yana kwance a cinya kamar na aro.

Da muka koma asibiti, likitar gashin ƙashi ta murza yatsunsa, ta bi mu da kallo.

"Wa ke ba shi abinci?"

"Ni mana," in ji Mama, har da gyara zama.

"To, Mama, ke ce ke kashe hannun nan."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Likitar ko ta kaina ba ta bi ba. Ta ce a ƙwaƙwalwa, ban da jijiyoyin da ke kai saƙo, akwai wasu ƙwayoyi masu kula da su, ana ce musu giliya. Hanyar da saƙo ke yawan bi, sai su ciyar da ita, su naɗe ta kamar wayar lantarki don ya ƙara sauri. Wadda aka daina bi kuwa, su datse ta.

"Ba su san tausayi ba, aiki kawai suke gani," in ji ta. "In kuna yi masa komai, za su ɗauka ba ya bukatar hannun. Kuma lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara yana wucewa."

Ashe garin neman gira muna shirin rasa ido. Ta ba mu safar hannu mai kauri, ta ce a riƙa sa masa a hannun hagu lokacin cin abinci, don dole ya yi amfani da na dama.

Washegari da rana aka ajiye masa shinkafa. Ya tura cokali da bayan yatsu, cokalin ya faɗi. Ya sake, miya ta ɓata masa riga. Yaya ya ce yana da kira, ya sulale waje, alhali wayarsa tana caji a gabanmu.

"Kun zuba min ido kamar talabijin," in ji Baba, gumi na bin wuyansa.

Babu wanda ya yi dariya. Mama ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba.

Da cokalin ya sake faɗuwa, ta ce, "Wallahi ba zan iya ba. Likita ta yi haƙuri."

Ta kai hannu za ta ɗauka, sai yatsun Baba na dama suka lanƙwashe a wuyan hannunta. Riƙon ba shi da ƙarfi, ko jariri zai iya ƙwacewa.

"Bari," ya ce.

Mama ta dubi yatsun, hawaye na zuba. Ba ta ƙwace ba.