Baba Ƙyas Ya Ƙi Hoto

"Sauke wayar nan, 'yar nan! Ina ganinki," in ji Baba Ƙyas, ya jawo matashin kai ya rufe fuska.

Ka ji fa! Mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa. Inna, matarsa, ce ta kira ni daga gidanmu in ɗauke shi hoto. Tun da likita ya ce a maido shi gida ta kasa sukuni, don sun tsufa tare amma ba ta da hotonsa ko ɗaya.

Abin haushin, sana'arsa ke nan. Kullum yana bakin titi, kyamara rataye a ƙirji, ba ya ma kai ta ido. Sai ya matso har ka ji numfashinsa, ya washe maka baki, ƙyas! Mari kam ya sha, har da wadda ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Bangon ɗakinsa cike yake da fuskokin mutanen da bai san sunan ko ɗayansu ba.

"Malam, ɗaya tak," in ji Inna. "In ka tafi me zan riƙa kallo?"

"Ga mutane nan a bango."

"Su na aura?"

"Wanzami ba ya son jarfa," ya ce daga ƙarƙashin matashin.

Na gwada ta taga, na gwada yana barci. Abin da na samu shi ne tafin hannu da kunne guda. A haka Allah ya karɓi abinsa. Wallahi na yi kuka, ina kuma jin haushinsa.

Bayan kwana biyu muna sauke hotunan bangon, sai Inna ta tsaya cak a kan na wani direban bas, ƙaton mutum da baƙin tabarau, ya ɗaga hannu zai kai duka.

"Miƙo min gilashina."

Ta kai hoton bakin taga, ta ƙura masa ido. Can sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ja'irin tsoho! Ga shi nan!"

Na leƙa. A cikin tabaran direban, ga Baba Ƙyas ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, har biyu, ɗaya a kowane ido. Ya washe baki abinsa, bai san mari na tafe ba.

Ta sa aka wanke hoton babba, aka rataye a saman gadonta. Baƙi masu zuwa gaisuwa sai su dubi direban su ce, "Allah sarki, ashe marigayi ya yi ƙiba da ƙuruciya."

"Matso kusa," ita ce amsar Inna.

Da la'asar in na leƙo, nakan same ta tsaye, hancinta ya kusa taɓa na direban, tana goge masa tabarau da bakin mayafinta.