Wanki Bakwai, Na Farko da Ƙasa

Alhaji Abdulganiyu yana son kujerar shugaban masu rumfunan layin gabas a kasuwar Lolo, saboda haka ya fara da gaya wa kowa cewa ba ya so. Kujerar ba ta da albashi. Abin da ke cikinta shi ne raba wa baƙin 'yan kasuwa wurin shimfiɗa kaya, da zama a sahun gaba idan wani babba ya zo daga Bagudo, da kuma a riƙa kiran mutum Ciyaman har ranar da za a kai shi makwancinsa. Alhaji ya auna waɗannan, ya ga sun isa mutum ya wahala dominsu.

Abokin takararsa shi ne Sufyan mai taki, wanda bai taɓa yin wani abin a zo a gani ba, sai dai Allah ya ba shi yawan dangi da iya gaisuwa. Alhaji kuwa ya je Makka, yana da rumfa biyu, yana da murya mai cika masallaci idan ana amin. Abin da ya rage masa shi ne wani aiki da zai nuna wa dattawa cewa shi mai hangen nesa ne. Yana cikin wannan tunani idonsa ya faɗa kan tukunyar matarsa.

Sabuwa ta daɗe tana dafa citta da kanumfari da tsamiya, ta zuba sukari, ta ƙulla a leda, a sayar kafin la'asar. Alhaji bai taɓa ɗaukar abin sana'a ba, ko da yake shi ne babban mai sha kuma bai taɓa biya ba. Yanzu da ya dube ta da idon ɗan takara, sai ya ga kamfani. Jinja a kwalba, da murfin ƙarfe, da takarda manne a jiki mai ɗauke da sunansa. Ranar zaɓe zai ciyar da dattawa, ya buɗe musu kwalba ɗai-ɗai, su gane da kansu wanda ya dace ya ja ragamar layin gabas.

Matsalar ita ce kwalba. Ta lemon kanti komawa take yi wurin masu ita, roba kuma a ganinsa 'yar'uwar leda ce da ta yi ƙiba. Sai ya kira Ɗanliti, wani mai babur da ke ɗauko kaya daga Malanbil, can ƙetaren iyaka, ta hanyoyin da ba su cikin taswira.

"Kwalba, Alhaji? Tana nan ƙetare jibge bayan kowane gidan rawa, irin wadda kamfani ba ya karɓa. Kore da ja, masu kauri, ko ka jehe mutum da ita ba ta hwashewa. Sai dai ka san mi anka sha cikinsu."

"Ban sani ba," in ji Alhaji, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana yaron mota tsakanin Malanbil da Kwatano.

"To ni na sani," in ji Ɗanliti. "In kawo?"

Ya kawo, cikin buhuna, har da ɗan injin danna murfi. Warin da ya fito daga buhun farko ya sa Sabuwa ta toshe hanci da gefen mayafi. Alhaji ma ya toshe nasa, bayan ya ɗan makara.

Da yake mutum ne mai tsoron abin da za a ce, ya tafi wurin Malam Bunyaminu, limamin masallacin layin, dattijo mai ƙarancin magana. Ya yi masa doguwar shimfiɗa a kan wani abokinsa da ya sami wasu kwalabe. Malam ya bari ya gama.

"A wanke da ruwa har wari da launi su tahi, Alhaji. Shi ke nan."

Alhaji ya ji fatawar ta yi masa arha. Wankin da kowace mace ke yi wa kwano, wa zai gani, balle ya ba da labari?

"Allah gafarta Malam, ba a yin sau bakwai, na farko da ƙasa?"

"Wanga hukuncin kwanon da kare ya sa baki na."

"To ai giya ta hi kare."

Malam ya dube shi ta saman tabarau, ya koma kan littafinsa. Alhaji ya ɗauki shirun a matsayin izni.

An yi wankin a ƙofar gida, ba a tsakar gida ba, domin a cewarsa can ne iska take. Ya naɗe hannun riga, ya sa an ɗebo ƙasa daga bakin rijiya inda awaki ke shan ruwa, yana ɗura ta a kowace kwalba, yana girgizawa, yana ƙirga wankin da ƙarfi yadda mai wucewa a ƙetaren hanya zai ji. Duk wanda ya tsaya, sai ya bayyana masa cewa Malam ya ce sau ɗaya ya isa, amma shi zuciyarsa ba ta natsu ba. Mutane suka yi ta cewa Allah ya ƙara tsoron Allah. Wuyan kwalbar giya siriri ne, ƙasa kuma idan ta shiga ba ta son fita duka, amma Alhaji bai damu da ɗan abin da ya kwanta a gindi ba, tunda ita ce mai tsarkakewa.

Sabuwa ta leƙo daga zaure. "Alhaji, a dai tafasa su. Ga tukunya kan wuta."

"Tafasawa ba ta cikin littafi," in ji shi.

Ta dafa masa jinjar a babbar tukunyar biki. Ya ɗanɗana, ya ce dattawa zaƙi suke so, ya ƙara sukari da hannunsa har ludayi yana nauyi. Ya ɗura, ya danne murafe, ya manna takardu, ya jera kiret-kiret a sitonsa mai rufin kwano. Washegari aka ɗaga zaɓen, saboda an yi rasuwa a dangin Sufyan, kuma a dangi irin nasa rasuwa ɗaya takan kwashe rabin ƙungiyar masu rumfunan zuwa Dole Kaina.

"Jinja ba ta kwana, Alhaji," in ji Sabuwa. "Bari in ƙulla ta a leda a sayar yau."

"Jinjarki ta leda ce ba ta kwana. Kin taɓa ganin lemon kanti ya lalace? Murhin ƙarhe na hwa."

Bazara ce, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Siton da rana kamar tanderun burodi yake. A mako na biyu, ana tsakiyar azahar, kwalba ɗaya ta fashe da ƙara kamar bindiga, wata ta bi ta kafin la'asar. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kumfa tana bin ƙasa, nan take ya gane abin da ke faruwa: Sufyan ya shiga malamai. Ya sa aka yi wa siton tofi ta kusurwa huɗu, ya ƙara kwaɗo a ƙofar.

Ranar zaɓe aka shimfiɗa tabarmi a babbar rumfa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, dattawa suka ci suka yi gumi. Kwalaben suna cikin bahon ƙanƙara da aka ɗauko tun daga Bagudo, sun yi raɓa, takardun suna ɗauke da sunan Alhaji da manyan baƙaƙe. Ya miƙe cikin babbar riga, ya yi jawabi a kan yadda al'umma ba ta ci gaba sai da masu tunani, ya ɗauki mabuɗi, ya buɗe ta farko.

Ta ce fus. Farar kumfa ta taso ta gangaro kan yatsunsa. Kafin ta kai wuyan hannu, warin ya riga ya isa hancinsa, kuma hancin bai yi wata-wata ba wurin gane tsohon sani. Ba warin kwalba ba ne. Kwalba ta wanku sau bakwai. Abin da ke ciki ne ya yi zamansa a zafi, da sukari, da ƙasar bakin rijiya, ya zama abin da aka wanke.

Alhaji yana da lokacin da zai ce a dakata. Amma idan ya ce a dakata, za a tambaye shi dalili, idan ya faɗi dalili, wani zai so sanin inda mai tsoron Allah irinsa ya koyi wannan wari. Ya dubi fuskokin da ke jiran sa, ya dubi Sufyan.

"Bisimilla," in ji shi, ya miƙa.

Aka yi ta buɗewa. Rumfar ta yi shiru irin wanda ba a saba ji ba wurin cin abincin kyauta. Wani ya kurɓa ya dubi rufin rumfa. Wani ya kurɓa ya dubi na kusa da shi, ya tarar shi ma shi yake kallo, sai duka biyun suka mai da ido kan tabarma suka sake kurɓa. Sufyan ya nemi kofi, ya karkata shi, ya zuba a hankali ta gefe yadda kumfa ba za ta tashi ba. Alhaji ya ga wannan karkatawar. Ba a shan shayi haka, ba a shan fura haka. Malam Bunyaminu ne kaɗai ya ture tasa gefe, saboda ciwon suga, ya nemi ruwa.

Tsoho Manu, dillalin shanu da bai taɓa kai bakinsa ga abin da ya wuce nono da ruwan rijiya ba, shi ne mutum ɗaya da ya sha da zuciya ɗaya. Ya shanye ta farko, ya goge gemu.

"Alhaji, wagga jinja taka tana da hushi. Ta bi ta kunne. Ƙaro mani."

Aka ƙaro masa. Kafin ya kai rabin ta uku ya fara ba da labarin wata saniyarsa da ta mutu tun yana saurayi, yana kiran sunanta, idonsa yana kawo ruwa.

Da an bar dattawa da junansu, da taron ya watse lafiya, kowa ya tafi gida ya kwanta da ciwon kan da ba zai faɗa wa iyali dalilinsa ba. Amma Ɗanliti ya ji ƙamshin miya ya tsaya, ga shi kuma ba ɗan ƙungiya ba ne, ba shi da mutuncin da zai tsare. Ya zari kwalba daga baho, ya buɗe da haƙori, ya ɗaga kai ya zuba. Ya sauke ta yana lumshe ido.

"Kai! Alhaji! Wallahi ko ƙetare ba su yin mai kyau haka. Wa ya koya maka?"

"Jinja ta," in ji Alhaji, muryar da ke cika masallaci ta koma kamar ta sauro.

"To, mu can ba haka muke kiran ta ba."

Malam Bunyaminu ya jawo kwalbar da ya ture, ya kai hanci, ya mai da ita ƙasa nesa da tabarmarsa. Ya tambayi tun yaushe aka ɗura. Alhaji ya faɗa. Malam ya ce abin ya juya, ya zama mai sa maye, kada kowa ya ƙara. Ya kuma ce wanda ya sha cikin rashin sani babu laifi a kansa.

Nan take rumfar ta cika da marasa sani. Aka yi ta salati, aka yi ta tofar da yawu, aka yi ta neman buta. Wanda ya fi kowa kakari shi ne Sufyan, da kwalba biyu babu komai a bayan ƙafarsa. Manu kaɗai ya zauna yana kallon tasa kamar aboki ya ci amanarsa, yana tambaya ko sallar la'asar ɗinsa za ta karɓu.

Da aka kurkure baki aka natsu, sai aka tuna abin da ya tara mutane. Babu wanda ya ambaci kwalba. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce Alhaji Abdulganiyu mutum ne mai hidima da yawa, ga rumfa biyu, ga kuma kamfani da ya buɗe, zalunci ne a ƙara masa nauyi. Kowa ya ce gaskiya ne, a tausaya masa. Aka ɗaga hannu wa Sufyan. Alhaji ya buɗe baki zai yi maganar karkata kofi, ya tuna cewa duk wanda ya gane ma'anarta ya san inda ake koyonta, ya rufe bakinsa. Har shi ya ɗaga hannu, a makare.

Sabon Ciyaman ya gode wa Allah, ya gode wa dattawa, ya ce aikin farko na shugabancinsa shi ne kare layin gabas daga wannan ƙazanta. Duk abin da ya rage a siton Alhaji za a kwashe a kai gidansa, inda shi da wasu amintattu za su tabbatar an zubar da shi yadda ya kamata. Mutum huɗu suka miƙa kansu domin wannan aikin lada tun kafin a nema.

Da yamma amalanken jaki ta tsaya a ƙofar siton. Alhaji ya buɗe kwaɗo ya koma gefe, hannu a baya. Amintattun suka shimfiɗa buhuna a gindin amalanken, suka jera kiret-kiret, suka zuba buntun shinkafa a tsakanin kwalaben har wuya, suka rufa tabarma a sama saboda rana. Sufyan yana tsaye yana duba aikin da kansa. Da jakin ya ja, ƙafar amalanken ta faɗa wani ɗan rami, kwalaben suka yi ƙara.

"Kai, sannu mana!" in ji Ciyaman, ya ruga ya dafa kayan da hannu biyu. "Sannu a hankali. So kake su hwashe?"