Abuja da Jemar Maigandi

Duk wanda ya ce Inna Laure ba ta son ganin Abuja, ƙarya ya yi mata. Tana so, so na gaske. Tun ranar da ɗanta Taufiq ya kira ya ce ya ɗauki hutun shekara, ta zo ya zaga da ita gari, ta daina zama wuri ɗaya. Ta kai atamfa ɗinki, ta sa aka yi mata lalle, ta sayi takalmi mai ƙyalli wanda ke matse mata ɗan yatsa. Sannan ta bi unguwarsu a Argungu gida-gida, tana tambayar duk wanda ya taɓa zuwa, wai ko garin ya kai a taso a je.

Amsoshin ba su taimake ta ba. Wata ta ce titi ne kawai, faɗi kamar fage, ga motoci ba masu tsayawa. Wani direba ya ce akwai wani dutse da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Wata kuma ta taɓe baki ta ce garin da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, me za a gani? Laure ta saurare su duka ta tattara ta ajiye, don ita ba titi ke kiranta ba. Akwai jikanta a can, Sama'ila, mai sunan mijinta marigayi. Yaron ya fara tafiya, amma ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba, sai dai ta gan shi a waya yana lasar gilashi. Angona take ce masa, yadda kakanni ke tsokanar jikoki.

Abu ɗaya ne ya riƙa tsaya mata a rai: gonar fadama da mijin ya bari. Kowace damina kogin Rima kan cika ya batse, ya shafe kunyoyin iyaka, ya binne su da yashi, fadama ta koma shimfiɗa guda. Al'adar mutanen wannan yanki nasu ita ce, da ruwa ya janye, maƙwabta biyu su tsaya da ƙafarsu a cikin laka, su ta da kunya tare, su dasa jema a kai, ciyawar nan mai saiwa da ba ta jin ja. Wanda ya tsaya wa iyaka, shi ake ɗauka mai riƙon gonar a shekarar. Wanda bai zo ba, abin da ya tarar shi ne nasa. Tun rasuwar mijinta Laure ba ta taɓa fashin tsayuwar nan ba. A gabas tana iyaka da wani dattijo, Dikko, wanda ba ya cin na kowa. A yamma kuwa ƙanen mijinta ne, Maigandi, mutumin da idan ya kalli gonarta har wani lumshe ido yake yi.

Amma kowa ya ce mata ruwan bana da saura. Za ta je ta dawo, ko ƙasa ba ta leƙo ba.

Da safiyar tafiya sai ga Maigandi da kansa. Mutumin da ko ranar sallah sai an aika yake zuwa, yau shi ne har tsakar gida, yana washe baki, yana cicciɓar jakarta.

"Matar Yaya, yau sai Abuja. Ki huta da kyau, kada ki yi garajen dawowa."

"Kai ka korata?" in ji Laure. "Aje mani kaya, in shiga in yi ma iyalinka bankwana."

Ya ce ai ba sai ta wahala ba, shi zai isar. Wannan ba-sai-ta-wahala-ba ɗin ce ta sa ta wahala. Ta shiga gidan, aka gaisa, aka yi addu'ar hanya. Tana fitowa ta hango wani abu a bayan rumbu an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dammunan jema ne, sabuwar tona, ƙasar saiwar ko bushewa ba ta yi ba. Jema kuwa ba a tone ta a ajiye, kwana kaɗan take yi ta mutu. Kuma yawanta ya ninka abin da gonar Maigandi ke ci. Laure ta kalla, ta gyara mayafi, ta wuce.

A mota ta zauna jikin taga. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, duk inda hanya ta buɗe ta fuskar kwari, sai ta miƙa wuya. Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Jikin itatuwa ya nuna zoben laka sama da inda ruwa yake, balbelu kuma sun sauka suna tafiya a inda ya kamata a ce kwalekwale ke bi. Ruwa ya kama hanyarsa, bai jira lissafin kowa ba.

'Yarta Zakiyya, ma'aikaciyar gwamnati, a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi take zaune, cikin gidajen nan masu kama ɗaya da sai ka ƙwanƙwasa ƙofar wani ka ba da haƙuri. Shirin shi ne Inna ta kwana a nan, washegari su hau jirgin sama tare. Zakiyya ta tarbe ta da murna, ta kawo fura mai sanyi, ta shiga nuna mata hotunan wuraren da za a kai ta: masallaci mai ƙubbar zinariya, tafki, wani kanti da matakalarsa ke tafiya da kanta. Laure ta daɗe tana kallon matakalar. Wallahi ta so ta hau.

Sai idonta ya kai kan wata sabuwar akwati a gefen gado. Ta buɗe. Zannuwa ne da riguna masu kauri na sanyi, da maganin ciwon ƙafarta kwali-kwali.

"Zakiyya, hutun kwana nawa anka ce?"

"Inna, ai sai yadda kinka gani."

"Kayan ɗari nika gani, mu ko yanzu damina ta ƙare. Zamna nan. Mi ag gaminku da Maigandi?"

Zakiyya ta zauna a bakin gado, ta kama gefen mayafinta tana murɗawa. Ba ta iya ƙarya ba tun tana ƙarama, shi ya sa ko gyaɗa aka sata a ɗaki ita ake fara tambaya. Ta ce ita da Taufiq ne suka yi shawara. Baffa Maigandi zai riƙe gonar, ya riƙa ba da shinkafar ci. Inna kuma ta zauna Abuja ta huta, in ta gaji ta dawo Gesse.

"Inna, bara a amalanke anka ɗauko ki daga hwadama," in ji ta. "Zazzaɓi ya kada ki cikin laka, ba kowa kusa. Ni anka kira ina ofis. Hanyag ga duka ina kuka nit taho, ban san ko in iske ki da rai ba. Ba mu son a sake kiranmu hakanan."

Gaskiya ta faɗa, kuma Laure ta san gaskiya ce. Ta ji tausayin yarinyar har cikin ƙirjinta. Amma tausayin bai kashe ɓacin ran ba, tare suka zauna.

"Na ji. Kun ji tsoro. To kun tambaye ni?"

"Mun san ba ki yarda."

"Kun san ba ni yarda, shi na kunka ɗinka mani tarko da atamhwa. Ni da nis sha lalle, ina yawo gida-gida ina hwaɗin ɗana za shi nuna mani birni. Ashe kau da ni za a yi, awa tsohuwar tukunya, a samu wurin aje sabuwa."

Zakiyya ta fashe da kuka. Da ta rasa abin yi sai ta kira yayanta, ta kunna hoto, ta miƙa wa uwar wayar. Taufiq ya fito yana lallashi, yana cewa a bar maganar gona sai ta iso. Da ya ga fuskar ba ta saki ba, sai ya yi dabarar da ya san ta fi kowace ƙarfi: ya ɗago yaron. Sama'ila ƙarami ya leƙo da haƙora biyu, ya kai hannu yana dukan gilashi, yana gwalantu. Goshin kakansa ne sak. Gobe war haka da yana bayanta a goye, tana jin ɗumin cikinsa. Ta san kuma yara ba sa jira. Kafin a ce me, ya wuce goyo.

Ta miƙa wa Zakiyya wayar.

Da gari ya waye Zakiyya ta fito ta tarar da uwar ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfa, ta ɗaura ɗankwali ya tsaya cas, ga takalmi mai ƙyalli a ƙafa. Har ta fara murmushi.

"Tsai da mani keke," in ji Laure. "Tasha za ni."

"Inna, jirgi hwa?"

"Shi tashi lahiya. Ke ki tahi, hutunki na. Ki hau matakalan nan ki ba ni labari."

Ba ta ko biya gida ba da ta sauka Argungu. Ta ba mai babur jakarta ya kai, ita kuma ta gangara fadama da ƙafa. Inda tudu ya ƙare ta cire takalmin ta riƙe a hannu, ta tattare zani, ta shiga. Laka ta haɗiye lallen tun taku na farko. Ƙafar nan mai ciwo ta shiga yi mata magana, ta ƙi saurara.

Fadama ta cika da mutane, kowa da maƙwabcinsa da dammin jema. Daga nesa ta hango Maigandi. Ba a yamma yake ba, inda iyakarsa take. Ya tsallake gonarta gaba ɗaya, yana can gabas tsaye gaban Dikko, a daidai wurin da ita ke tsayawa duk shekara. Tsakanin gonarsa da tata kuwa ko kunya ɗaya bai tayar ba. Dikko ya dogara da fartanya yana ta jan lokaci, da ganinsa ka san ransa bai so.

Mutane suka fara ɗagowa suna kallo. Ai dole: tsohuwa cikin kwalliyar biki, laka har gwiwa, takalmi na walƙiya a hannu.

Maigandi ya juyo, dammin jema a kafaɗa, bakinsa ya kasa rufuwa.

"Matar Yaya, ba ki tahi ba?"

"Na tahi, na huta, na dawo. Matsa, ka taka mani wuri."

"Ɗiyanki hwa sunka ce in riƙe. Ni taimako nika yi."

"Ɗiyana sun ba ka abin da ba su riƙe ba. Ranar da anka rufe ni, ku zamna ku raba. Yau ina numfashi." Ta juya. "Malam Dikko, ina kwana. Da wa kaka iyaka?"

Dikko ya yi gyaran murya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙotar fartanya.

"Da ke, Laure, awa kullum."

Ta rataye takalmin a wuya da igiyar dammi, ta miƙa wa Maigandi hannu. Ya tsaya yana kallon hannun, ya kalli jama'a, jama'a na kallonsa. Ya sauke jemar ya ba ta.

"Allah shi biya ka da tona," ta ce. "Saura ka kai yamma ka jira ni, in mun ƙare nan ina tahe."

Sun ci rabin kunyar ke nan wayarta ta ɗauki kuka a cikin lalitarta. Ta goge hannu a jikin sabuwar atamfa ta ɗauka. Taufiq ne. Ya ce Zakiyya ta iso ita kaɗai. Ya ce an gyara mata ɗaki, an sayi sabuwar katifa, matarsa tun asuba take girki. Muryarsa ta yi ƙasa da ya ce, "Inna, gona ta hi mu ke nan?"

Maganar ta soke ta. Ta miƙe tsaye da ƙyar, ta dafa ƙugu, ta kalli jeren jemar da ke tsaye cikin laka.

"Ba ta hi ku ba. Ubanku yat tsaya nan, ni nit tsaya bayanai, don wata rana yaron nan shi samu inda za shi tsaya. Abuja ba ta janyewa, tana nan inda take. Ranar da kag gayyace ni in gani in dawo, ni zo, har matakalar in hau."

Can ta ji gwalantun yaron kusa da wayar, yana ƙoƙarin ƙwacewa. Idonta ya cika, ta bar shi ya zuba, don hannunta duk laka ne.

"Sa mani shi a kunne," ta ce. Ta jira har ta ji numfashinsa. "Angona, ka ji ni? Amarya ta ƙi tarewa. In kana so na, kai ka taho. Ka iske ni bakin gonarka."

Ta kashe wayar ta mayar lalita, ta duƙa, ta ɗauki jema ta gaba.