Sunan Mijin Aisata

Tanimu ya sake shafa aljihu ya ji takardar tana nan, sannan ya matsa ƙarƙashin iccen bedin da ke ƙofar biro, ofishin hukuma. Matarsa Aisata na tsugune gefe, ta ja mayafi har goshi.

Sati biyu ke nan da aka yi shela cewa mutanen Dahomai su tattara su bar ƙasa. A Kandi ta ƙasar Dahomai aka haifi Aisata, tana goye aka zo da ita Dakoro, ba ta taɓa shan ruwan wata rijiya ba sai ta nan. Duk da haka sunanta ya fito cikin jerin da jandarma ya karanta. An ce matar ɗan ƙasa za ta iya zama, in ta kawo shaidar aure.

To, ina shaidar? Shekara biyar da suka wuce aka shafa fatiha a zauren liman, aka raba goro, kowa ya watse. Liman ya rasu bara. Rhissa, da ya tsaya shaida, ya yi arewa da raƙumansa. Abin da Tanimu ya samu kawai takardar likita ce ta haihuwar 'yarsu, ita ma ba sunan uba a ciki.

Ma'aikacin biron sabon zuwa ne, ba ya jin Hausa sosai, tsoho Ɗangoggo ke yi masa tafinta. Ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya ture ta. Ya ce cikin satin nan aure uku aka kawo masa na ƙarya, matan suna cikin motar korarru, mazan suna kulle a kaso. Don haka ɗaya bayan ɗaya zai tambaye su.

Tanimu aka fara kira. Ya faɗi sunanta, da na iyayenta, da watan da aka ɗaura. Aka fitar da shi, aka shigar da ita. Ya raɓe jikin taga yana saurare.

"Mi sunan mijinki?" in ji Ɗangoggo.

Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya.

"Maigida," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Tanimu ya dafe kai. Tun da aka kawo ta ɗakinsa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko mai tallan nono ta ci sunan uwarsa, Aisata ba ta kiranta. Da can abin alfahari ne gare shi. Yau kuwa ya ji kamar ya fasa tagar ya ce mata ta faɗa, ya yafe.

Ma'aikacin ya buga tebur, ya yi magana da ƙarfi. Ɗangoggo ya ce ana nufin macen da ba ta san sunan mijinta ba, ba matarsa ba ce. Tanimu ya leƙa, ya ga an jawo jerin sunayen, an tsoma alƙalami cikin tawada.

"Baba, na san shi," Aisata ta ce. "Ranar da ke bin Lahadi aka haife shi, ita ya ci. Kai ka faɗa mashi."

Tsohon ya dube ta, ya gane Tanimu take nufi, sunan ɗan ranar Litinin, sannan ya juya ya daɗe yana Faransanci. Daga baya ne ya gaya wa Tanimu abin da ya ce: waɗancan mata ukun na auren ƙarya sun zubo sunan miji har da na kakansa ba ko ƙifta ido, wannan kuwa da mota a ƙofa ta kasa. Ma'aikacin ya aje alƙalami, ya ce a nemo dattijai biyu na unguwa su dangwala yatsa. Kafin azahar aka buga hatimi a takardar shaidar aure.

Da suka fito Tanimu ya miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba. Ta ce ya riƙe, ya wuce gida ya duba yarinya. Ita za ta biya ta wajen innarta ta taya ta ɗaure tukwane, don motar da za ta mai da su Dahomai da safe za ta tashi.